Shaidar Yatsa a Daddawar Madina

Ana kiran assalatu muka bar Kazaure, ni da 'yata ta biyu, wadda ke koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Ita ce ke rubuta wannan a wayarta ina faɗa mata, domin ni ban taɓa zama a aji ba. Na gargaɗe ta, idan ta ƙara ko ta rage zan sani, don sai ta karanta min shi daga farko. Ku da kuka dame ni da a ba ku labari, to ga shi, kowacce ta natsu.

Umara muka tafi, amma akwai wata buƙata a raina da ban gaya wa kowa ba sai ita. Yayata nake nema, Yaya Abu. Ina da shekara goma ta bi mijinta ta hanyar Sudan, ba ta ƙara taka ƙasar nan ba. Da fari wasiƙa take aikowa, daga baya kaset a hannun alhazai. A kaset na ƙarshe ta ce mijin ya rasu, suna Madina, a unguwar da ake kira Harra ta Yamma. Daga nan shiru, shekara talatin da 'yan kai. Innarmu, mai daddawar da duk kasuwar garinmu ta sani, ta rasu tana tambaya ko an ji labarinta. Ni kuma gwiwa ta fara ƙi na. Na san in ban je bana ba, da wuya in sake zuwa.

Hanyar Kano ba ta ba mu wahala ba, sai dai direban yana gudu kamar an ce masa jirgin nasa ne, sai da na yi masa magana sau biyu. A filin jirgi kuwa aka ajiye mu awa biyar ba wanda ya ce mana ci kanku. Ruwan gora ɗaya a ciki kuɗinsa ya sayi uku a waje. Muna zaune sai na ga 'yata ta zaro wani littafi mai tsohon bango, an zana kofin shayi a kife a jikinsa. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce wata Baturiyar Ingila ce ta rubuta, ta daɗe da mutuwa, kuma labaran kisan kai take rubutawa.

Na ce, "Littafin kisan kai za ki riƙa zuwa garin Manzon Allah?"

Ta ce, "Umma, ba kisan ake karantawa ba, gano mai kisan ake karantawa. Ke da kike cewa ba a yi miki ƙarya, zo ki gwada."

Ta san inda za ta taɓa ni. Shekara nawa ina raba rigimar mata a unguwa, mai ƙarya tun daga yadda take gyara mayafi nake gane ta. Na ce ta karanta ta juya min da Hausa, layi bayan layi, kada ta tsallake komai.

Wani babban gida ne a ƙauye, tsohon mai gidan ya sha shayi ya mutu, mutum bakwai ne a gidan, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya sa masa guba, aka kira wani mai bincike ya gano ko wane ne. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne matar nan ba ta da ƙawa a magana. Gajerun zantuka take yi, kamar mai ba da saƙo a bakin ƙofa. Ba ta tsaya yabon gida ko kukan mamaci ba. Mutum ya shigo, ta ba ka abu ɗaya game da shi, ko tarinsa ko yadda yake taɓa gashin baki, shi ke nan ka san shi, ba za ka haɗa shi da wani ba. Sauran duk hira ce: wannan ya ce, waccan ta ce. Kafin a kira jirginmu na riga na kama amaryar mamacin, don ba ta yi kuka ba. 'Yata ta yi murmushi kawai ta rufe littafin.

A Makka na hana a buɗe shi. Kwana biyar muka yi, kuma abin da na gani a can ba na wannan labarin ba ne, na zuciyata ne. Daga nan muka hau jirgin ƙasan nan mai gudu zuwa Madina. Ni da na san jirgin ƙasan da ake sayen rake ta tagarsa, sai ga ni a wanda shayi ba ya ko motsi a kofi, duwatsu na wucewa kamar ana janye su da igiya. Da muka kusa sai ƙasar ta koma baƙi ƙirin, duwatsu kamar gawayin da aka zubar daga wata babbar maƙera. Wani dattijo a kujerar gefe ya ce irin wannan ƙasar ake kira harra. Ashe sunan unguwar yayata sunan dutse ne.

Ɗaki muka kama a Sultana, unguwar kantuna da gidajen abinci, a hawa na biyu, sama da wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Muka ajiye kaya muka nufi Harami. 'Yan uwana, na ga hotuna, na ji daga bakin waɗanda suka je, amma da idona ya sauka a kan koriyar ƙubbar nan sai na tsaya ina kallo kawai. Mutane kamar ƙasa, amma ba hayaniya, kowa ya sassauta murya kamar an shiga ɗakin mai barci. Washegari da hantsi na ga manyan lemomin farfajiyar suna buɗe kansu a hankali, ba hannun kowa, ba ƙara, har inuwa ta rufe mu. Na daɗe ban yi kuka a gaban mutane ba. Ranar na yi, ban kuma ɓoye ba.

Kwana takwas gare mu a Madina. Ranar farko bayan La'asar muka shiga mota zuwa Harra ta Yamma. Direban mutumin Damagaram ne, furfura ta cika masa gemu, ya ce shekararsa goma sha tara a nan da iƙama, wato takardar zama. Ya sauke mu a wani layi da ya ce namu sun fi yawa. Gaskiya ya faɗa. Fuskoki irin namu, riguna irin na Larabawa, Hausa kuwa rabi da rabi, ana fara magana da namu a ƙare da nasu.

A bakin layin akwai wani ɗan kanti, baƙala suke ce masa, wata mata mai kamar shekara hamsin na zaune a ciki. Kuka, kuɓewa busasshiya, kanwa, yaji, har da daddawa a cikin farantin roba. Na ɗauki ɗaya na shinshina, ta kalwa ce ta gaske. Na juya bayanta na ga shaidar yatsa, na tambayi kuɗi. Ta ce riyal biyar. Guda ɗaya! Na ce mata ko da zinare aka daka ta. Ta ce, "Ya hajja, kalwar a jirgi take zuwa, ba a jaki ba." Muka yi ta ja, ni da Hausa, ita tana mayar min da Larabci, 'yata na jan mayafina. Daga ƙarshe na sayi ɗaya don kada a ce na tsaya a banza, na jefa a jaka ina mita. Sai a bakin ƙofa na tuna abin da ya kawo ni, na ce ko ta san wata Abu.

Ta ce, "Abu min?" Wato da Larabcinsu, Abu wa?

Nan na fara cin karo da abin da ya cinye min kwana biyar. Mu a gida kowa ya san Abu ita ce Zainabu. A can kuwa Abu uba ne, uban wane. Duk wanda na tambaya sai ya ce Abu wa? In ce mace ce, samari su yi dariya su ce, ya hala, wato gwaggo a bakinsu, mace ba ta zama Abu. Wasunsu kuma Hausarsu ba ta raba ya da ta, ina cewa ta zo ta Sudan, suna jin ya zo. Aka kai mu gidan wani Abu mai gyaran mota. Aka kai mu gidan wani Abu da ya yi aikin filin jirgi ya huta, mutumin kirki, kakansa ne ya zo daga Katsina a ƙafa. Ya ba mu gahawa mai ɗaci a ɗan kofi kamar murfin kwalba, da dabinon da ban taɓa cin mai laushinsa ba. Na koma tambayar Zainabu, aka nuna min Zainabu huɗu. Ɗaya 'yar Chadi, ɗaya ta girme ni da kaɗan amma a can aka haife ta, biyu kuwa yara ne, sa'annin jikoki. Sunan mijin na ambata, tsofaffin da za su san shi sun riga mu gidan gaskiya.

Tsakanin wannan yawo muna zuwa salla, muna ziyara. Mun je Ƙiblatain, masallacin da aka juya alƙibla ana cikin salla. Fari tas, ba yawan ado. Na tsaya ina tunanin mutanen da suna tsaye suka juya gaba ɗaya, ba wanda ya ce bari a gama tukuna. Mun je Uhudu. Mun ci tamis, wani faffaɗan burodi da ake manna wa cikin tanda, da wake dakakke da man zaitun, riyal kaɗan mutum biyu su ƙoshi. Shayinsu da na'ana'ar Madina ne, ƙamshinta har a mayafi.

Kullum bayan Azahar, rana ta hana fita, sai in miƙe ƙafa 'yata ta ci gaba da littafin. Na saki amarya na kama likita. Na saki likita na kama ɗan ƙanen mamacin. Kowa a gidan nan yana ɓoye wani abu, amma ba kowane abin ɓoyewa ne kisa ba: wannan taba yake sha a ɓoye, waccan wasiƙar saurayi take ɓoyewa. Matar nan ta san mutane, ta san kowa na da abin da yake jin kunya, kuma da wannan kunyar take rufe maka ido. Wata rana muna wucewa a Sultana 'yata ta ja ni wani kantin littattafai ta nuna min kanta guda cike, ta ce duk na matar ne, an juya su Larabci. Na ce ikon Allah, ashe har Larabawa ta wahalar.

Ranar kwana na shida aka zo ƙarshe. Mai binciken ya tara mutanen gidan duka a falo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana wanke su, sannan ya juya kan tsohuwar da ke riƙe da makullan gida, wadda ko sau ɗaya ban kalle ta ba. Hujjarsa ɗaya: ta ce da safen nan tana lambu tana ba furanni ruwa, alhali ruwan sama aka kwana ana yi har hantsi. Wa ke ba fure ruwa bayan ruwan sama?

Na tashi zaune. Na ce ƙarya ne, ba a taɓa cewa an yi ruwa ba, marubuciyar ta yi mana maguɗi. 'Yata ba ta yi musu ba, ta koma shafi na biyu ta karanta. Ga shi nan. An faɗa, a fili, cikin kalma biyar ko shida. Sai dai ta saka shi ne a tsakiyar faɗan wasu 'yan uwa mata biyu a kan hula, ni kuwa kunnena na kan faɗan, ina jiran in ji wadda za ta yi nasara.

Na sa ta sake karanta min wurare uku da nake zargi, duk haka. Matar nan ba ta yi min ƙarya ko ɗaya ba. Ba ta ɓoye komai a ƙarƙashin gado ba. A kan faranti ta ajiye min gaskiya tun ina filin jirgin Kano, sannan ta tada rigima a gefe ta bar ni da halina. Ban taɓa sanin ana iya gina magana haka ba, kamar yadda magini ke ajiye tubalin farko ya san inda na ƙarshe zai zauna. Wato tun kafin ta rubuta kalmar farko ta san ta ƙarshe.

Saura kwana biyu mu tafi, ban ga yayata ba. Ina kwance ina kallon silin sai na ce wa kaina, to ke ma koma shafi na biyu. Na fara bin kwanakina daga farko. Direba ɗan Damagaram. Layin. Kantin. Faɗa a kan riyal biyar.

Faɗa.

Na ce wa 'yata ta miƙo min jaka. Daddawar na ƙasa, a cikin ledarta, ta sa wa carbina wari. Na juya bayanta. Kowace mai daddawa tana barin yatsa, wannan ba abin kallo ba ne. Amma wannan yatsu biyu ne a jere, sannan an ja farce a tsakaninsu daga sama zuwa ƙasa. Haka Innarmu ke yi wa tata don kada a sayar da ta wata da sunanta. Mu biyu kaɗai ta koya wa. Ni na yi aure gidan tela na bar sana'ar, shekara hamsin ban danna ba. Kwana shida ina ɗauke da hannun Innarmu a jakata ina yawon tambayar Abu wa.

Ban jira rana ta yi sanyi ba. Mai kantin na ganina ta ɗaure fuska, ta ɗauka ciniki na dawo yi. Na ajiye daddawar a gabanta na ce wa ke yin wannan. Ta ce ita ke dafawa ta daka, amma surukarta ke dannawa, uwar mijinta, don idonta ya tafi, aikin da ya rage mata ke nan kuma ba ta yarda kowa ya taɓa. Na ce yaya sunanta. Ta ce Ummu Haruna, wato uwar Haruna, yara kuma Sitti suke ce mata, wato kaka. Na ce sunanta na yanka. Ta ce ita shekara talatin tana gidan ba ta taɓa jin an kira shi ba.

Abu na zo nema, ashe ta zama Ummu.

Gidan na bayan kantin. Muka bi wani siririn lungu muka shiga tsakar gida mai rumfar kwano. Tana zaune a kan tabarma, ta jingina da bango, ƙarama, ta tsufa ƙwarai, ga ƙwaryar roba cike da dakakkiyar kalwa a gabanta. Na so in ga kamannin yayata a fuskar ban gani ba. Yarinya 'yar sha bakwai na sani. Tsoro ya kama ni, kada in kira suna ta ce ba ita ba ce. Na yi sallama kawai, na zauna a gefenta. Mai kantin, surukar tata, ta ce mata baƙuwa ce daga Najeriya. Ta ce marhaba, ta ci gaba da aikinta.

Na wanke hannu, na gutsuri kalwar, na mulmula, na fyaɗa a tafin hannu. Na danna yatsu biyu, na ja farce. Na kama hannunta na sa mata.

Ta shafa. Ta sake shafawa. Hannunta ya tsaya cak.

Na ce, "Yaya Abu."

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta juyo da fuskarta inda muryata take, ta ce da irin Hausar garinmu, ba ɗigon Larabci, "Har yanzu da ƙarfi kike dannawa kamar mai faɗa da ita. Inna ba ta hana ki ba, Auta?"

Abin da ya biyo baya ba zan sa a rubuta ba. Da muka natsu ta tambayi Inna, na gaya mata, ta ce ta sani a jikinta tuntuni. Ta ce alhajin da ke kai mata kaset ne ya rasu, suka kuma tashi daga gidan da suke, ita ba karatu ba, 'ya'yan ba su san kowa a gida ba.

Kafin Magariba gidan ya cika: ɗanta Haruna, 'ya'yanta mata biyu, jikoki manya da ƙanana, kowa na tambaya da Larabci yadda aka yi na gano ta. Na ce duk su zauna a falo. Na tsaya a tsakiyar falon da daddawa a hannu na bi musu labarin daga ranar farko, wanda ya ce Abu wa, wanda ya ba mu gahawa, har na zo kan faɗan riyal biyar na nuna surukar da yatsa na ce, "Wannan ce ta ɗauke min hankali." 'Yata ta rufe baki da mayafi tana dariya har da hawaye, ita kaɗai ta san daga inda na ɗauko wannan tsayuwar. Jikokin kuwa suka yi ta maimaita Abu, Abu, suna leƙen kakarsu kamar yau suka fara ganinta.

Kwana biyun da suka rage a gidan muka yi su. Tare muka je Harami, ita a keken turawa, ni ina riƙe da hannun keken. Ta ce in gaya mata launin ƙubbar, ta manta. Na gaya mata.

Daga Madina jirginmu ya taso kai tsaye, muka sauka Kano da rana tsaka, muka iso Kazaure ana La'asar. Waɗanda suka samu dabino sun samu, waɗanda ba su samu ba su yi haƙuri. Yanzu duk Juma'a surukar tana kira a waya, in ga yayata, ita ta ji ni, ta yi min faɗa a kan abin da na yi ina shekara tara.

Na tafi ina ganin ba wanda ya kai ni lura. Na dawo na san inda ake kama ni: a tada rigima a gabana, ko raƙumi aka wuce da shi ta bayana ba zan gani ba. Wata Baturiya da ba ta san da ni ba, da gajerun kalmominta, ita ta nuna min wannan, Allah kuma ya sa ta nuna min saura kwana biyu, ba bayan na dawo ba. Na ce wa 'yata ta kawo wani littafin matar, wannan karon ruwan sama zan saurara, ba faɗan hula ba.

Yaya Abu ta cika min leda da daddawa, mun fara sa wa a miya. Amma waccan ta farko, ta riyal biyar, tana cikin akwatina a naɗe a ƙyalle. Tsadarta na yi wa faɗa, yanzu ko nawa aka ba ni ba ta sayarwa ba ce.